Su wa ke tashe a fagen zanen Birtaniya yanzu, kuma da wane salo?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zane da sassaƙa ne. Duk lokacin da aka zo maganar masu fasahar Birtaniya na zamani, abin da ake nuna mana shi ne ƙaton kifi a cikin akwatin gilashi da wani gado da ba a gyara ba. Har yanzu abin da suke yi ke nan? Su waye na yanzu, mene ne salonsu, kuma gaskiya ne sun daina iya riƙe burushi?

Amsa: Ɗan'uwa, kifin nan da gadon da ake nuna muku sun kwana biyu. Kifin na 1991 ne, gadon na 1998, masu su kuwa duk sun kai shekara sittin. Abin da ake yi a can yau ya sha bamban da nasu, sai dai ba za ka gane na yau ba sai ka san abin da suka juya wa baya. Saboda haka bari mu fara da masu kifin.

A 1988 wani ɗalibin kwalejin Goldsmiths da ke kudancin Landan, Damien Hirst, ya samu aron wani tsohon gini da babu kowa ciki a unguwar tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ya tara abokan karatunsa, su 16 har da shi, suka baje ayyukansu da kansu, suka sa wa taron suna Freeze. Ba su jira wani ya gayyace su ba, kuma wannan halin shi ne alamarsu har ƙarshe. Makarantar tasu ta riga ta rushe katangar da ke tsakanin sashen fenti da na sassaƙa da na ɗaukar hoto, ɗalibi ya ɗauki duk abin da ya ga zai isar masa da saƙo. Sai aka yi dace da wani attajiri mai kamfanin talla, Charles Saatchi, wanda kamfaninsu ne ya yi wa jam'iyyar Margaret Thatcher tallar zaɓen 1979. Ya shiga sayen ayyukan yaran nan sari-sari. Shi ya biya fam 50,000 aka kamo kifin shak daga Ostareliya aka jiƙa shi cikin ruwan fomalin, irin wanda ake adana gawa da shi. Mai talla ya san abin da zai hau shafin farko na jarida, su ma yaran suka koya.

Salon nasu ba shi da wuyar faɗa: kawo abu na zahiri ka ajiye shi a gaban mutum, ka girgiza shi. Mutuwa, jiki, jima'i da barkwancin kan titi, nan suka fi kauri. Marc Quinn ya yi siffar kansa da jininsa da aka daskarar. Hirst ya raba saniya da ɗan maraƙinta gida biyu-biyu, ya ci lambar Turner, babbar lambar yabon masu fasaha ta Birtaniya, a 1995. Tracey Emin ta ɗauko gadon da ta kwashe kwanaki a kai tana cikin ƙunci, da zanen gado mai datti da kwalaben giya da guntayen taba, ta kai shi ɗakin baje koli. A 2014 an sayar da gadon nan fam miliyan 2.5 a gwanjo.

A cikinsu wadda ni nake ganin ta fi nauyi ita ce wadda ba ta cika surutu ba, Rachel Whiteread. A 1993 ta samu wani tsohon gida da za a rushe a gabashin Landan, ta feshe cikinsa da kankare ɗaki bayan ɗaki, sannan aka ɓare bulon waje aka bar abin da ya daskare. Sai ga sararin cikin gida ya zama dutse. Ramin murhu ya turo waje kamar ƙulli, tagogi sun toshe, shatin makunnin fitila da na ƙofa duk sun fito a juye. Wurin da mutane suka yi shekaru suna kwana suna tashi ya tsaya a fili, ba mai iya shiga. Ranar da ta zama mace ta farko da ta ci lambar Turner, ranar ce hukumar unguwar ta tabbatar da cewa za a rushe aikin, aka kuwa rushe shi a watan Janairun 1994.

Tashen nasu ya kai ƙololuwa da baje kolin Sensation a Royal Academy a 1997, sannan da buɗe gidan Tate Modern a 2000 cikin tsohuwar tashar wutar lantarki a bakin kogin Thames. Ƙarshensa kuwa, in za a sa masa rana, ita ce 15 ga Satumbar 2008. A ranar da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, Hirst ya fara gwanjon kwana biyu na sababbin ayyukansa, ya tashi da fam miliyan 111. Daga nan girgizar ta daina girgiza kowa. Wanda ya riga ya ga ƙoƙon kan mutum da Hirst ya sa aka lulluɓe da lu'ulu'u 8,601, me kuma za a nuna masa ya razana?

Akwai mutum ɗaya a cikin wancan ayari da ya zama gada zuwa na yanzu, shi ne Chris Ofili, haifaffen Manchesta a 1968, iyayensa 'yan Najeriya. Jaridu sun maƙale wa kashin giwar da yake amfani da shi tun bayan tafiyarsa Zimbabuwe a 1992, har magajin garin New York na lokacin, Rudy Giuliani, ya nemi a yanke wa gidan tarihin Brooklyn tallafi a 1999 saboda zanensa na Nana Maryamu. Amma ka bar batun kashin giwa ka dubi aikin hannun. A 1998, shekarar da ya zama baƙar fata na farko da ya ci Turner, ya zana wata mata ta gefe, idonta a rufe, tana hawaye. Fatar tata ɗigo-ɗigon fenti ne dubbai, an jera su da haƙuri, an shafe da danƙo mai sheƙi. In ka matsa kusa, cikin kowane ɗigon hawaye akwai ɗan ƙaramin hoton fuskar wani saurayi. Stephen Lawrence ke nan, wanda wasu samari farar fata suka kashe a tashar bas a Eltham a 1993, zanen kuma girmamawa ce ga mahaifiyarsa Doreen da ta yi ta fafutukar neman adalci. Zanen ba a rataye yake ba, a jingine yake bisa dunƙule biyu na kashin giwa da aka busar aka shafe. Ado, tarihi, alhini da gwanintar hannu a wuri guda. Hanyar da na yanzu suka bi ke nan.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira sababbi yau ba yara ba ne. Sa'o'in masu kifin ne, wasu ma sun girme su, kawai dai a lokacin ba a waiwaye su ba. Tun farkon shekarun 1980 matasa baƙar fata irin su Keith Piper da Eddie Chambers da Donald Rodney suka haɗa ƙungiya a yankin Wolverhampton. Lubaina Himid, wadda aka haifa a Zanzibar a 1954, ta shirya baje kolin mata baƙar fata a Landan a 1985, wurin da aka ba su kuwa akasarinsa lungun wucewa ne. A 1989, shekara ɗaya tak bayan Freeze, Rasheed Araeen ya tara ayyukan masu fasaha 'yan asalin Afirka da Asiya da Karibiyan a gidan Hayward. Kuɗin Saatchi bai bi ta nan ba. Daga 1991 kuma aka ƙayyade cewa wanda ya kai shekara 50 ba zai shiga takarar Turner ba, don haka da shekaru suka ja sai ƙofar ta rufe musu gaba ɗaya.

Da aka cire ƙa'idar a 2017, a shekarar Himid ta ci, tana da shekara 63. Sanannen aikinta siffofin mutane ne 100 da aka yanko daga katako a tsayin mutum, aka fente su da launi mai haske: bayin Afirka da suka yi hidima a gidajen manyan Turai, masu kiɗa, masu ɗinkin takalmi, masu horar da karnuka. A bayan kowanne an manna takarda mai ɗauke da sunansa na asali da sunan da iyayen gidansa suka laƙaba masa. Mai kallo yana shiga tsakaninsu ne yana ratsawa. A 2022 Sonia Boyce, 'yar wancan ayari, ta wakilci Birtaniya a babban baje kolin Venice ta ɗauko lambar zinariya, a shekarar kuma Veronica Ryan ta ci Turner tana da shekara 66. A 2024 John Akomfrah, haifaffen Accra, mai aiki da majigi a alluna da yawa lokaci guda, shi ya wakilci ƙasar. Ka ga abin da ya sauya ba shekarun masu aikin ba ne, masu zaɓe ne suka sauya wurin da suke kallo. Zanga-zangar 2020, wadda a cikinta aka tumɓuke mutum-mutumin dillalin bayi Edward Colston a Bristol aka jefa shi ruwa, ta ƙara wa abin gudu, amma ta tarar da shi a kan hanya.

Wanda aikinsa zai fi saurin yi maka magana shi ne Yinka Shonibare, don kayan aikinsa atamfa ce. An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas. Yana ba da labarin cewa wani malaminsa a makarantar zane ya tambaye shi dalilin da ba ya yin fasahar Afirka ta asali. Sai ya nufi kasuwar Brixton ya sayo atamfa, ya bi diddiginta, ya tarar Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen Indonesiya da inji a ƙarni na 19, masaƙun Manchesta ma suka shiga sana'ar, kasuwar Afirka ta Yamma ce ta karɓe ta ta mayar da ita tata. Wato abin da Bature yake kallo a matsayin asalin Afirka daga masana'antarsa ya fito. Da wannan atamfar yake ɗinka wa gumaka marasa kai kayan ƙasaitar Turawan zamanin Sarauniya Victoria. A wani aikinsa na 2003, su 14 ne zaune a kewayen tebur mai taswirar Afirka, suna nuna hannu suna gardama, ba mai kai ko ɗaya: taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ke nan, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka. A 2010 ya ɗora kwatancin jirgin ruwan yaƙin Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar, filafilansa duk na yadi mai zanen atamfa. Yana sa ka dariya kafin ka lura da abin da ya soka maka.

Yanzu ga batun burushi. Duk wanda ya ce maka sun daina iya fenti bai leƙa ba tun shekara 15 da suka wuce. Ko a zamanin kifin akwai Jenny Saville, mai zana jikin mace ƙato-ƙato da fenti mai kauri har ka ji kamar nama ne, wadda aka sayi zanenta guda fam miliyan 9.5 a 2018. Yau kuwa fenti ne ke jan ragama.

Wadda zan ce ka fara nazarta ita ce Lynette Yiadom-Boakye, haifaffiyar Landan a 1977, iyayenta 'yan Ghana. Mutanen da take zanawa babu su a duniya, ba wanda ya zauna mata, daga ƙwaƙwalwarta da tarkacen hotuna take haɗo su. Baƙaƙen mutane ne a zaune, ko a kishingiɗe, ko suna rawa, ko suna kallonka kawai ba tare da suna roƙon komai ba. Bayan zanen sau da yawa duhu ne, kore mai duhu ko ƙasa-ƙasa, sai ta fitar da fuskar daga cikinsa da bambancin launi ɗan kaɗan, ta ɗiga farin ido ko farar riga, shi ke nan mutum ya tashi. Ba ta cika sa musu takalmi ba, don takalmi yana tona zamani, ita kuma ba ta son ka san ko yaushe ne. Ta yi suna da gama zane cikin yini guda tun fentin yana ɗanye. Ɗalibin da ke fama da yadda zai haɗa launin baƙar fata ba tare da ya koma toka-toka ba, wurinta zai je. Gidan Tate Britain ya yi mata babban baje koli a 2020, annobar korona ta katse shi, aka sake buɗewa a 2022.

Hurvin Anderson na Birmingham, ɗan 'yan Jamaika, ya daɗe yana maimaita zanen shagon aski, musamman wani ɗan ɗaki a saman bene mai shuɗin bango inda mahaifinsa ke zuwa aski. Daga zane zuwa zane yana rage kaya, madubi ya koma murabba'i, kwalabe su ɓace, har ɗakin ya kusa zama launi zalla. Michael Armitage, wanda aka haifa a Nairobi a 1984, ya bar ƙyallen zane na Turawa ya koma kan yadin ɓawon itace na Uganda, wanda Baganda ke yi wa mamaci sutura da shi. Yadin na da huji da ɗinki da tabo, shi kuma ba ya ɓoye su, yana barin su su ratsa fuskokin 'yan gangamin siyasar Kenya da yake zanawa.

Ƙananan cikinsu sun fi karkata ga zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai. Jadé Fadojutimi, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Landan a 1993, tana cika allon da ya fi ta tsayi da zare-zaren launi masu kaifi, tana goge wani wuri tana kankare wani, ta ce majigin zane na Japan da kiɗa da tufafi ne ke motsa ta. Flora Yukhnovich, haifaffiyar 1990, tana ɗauko zanen nishaɗin masu mulkin Faransa na ƙarni na 18 ta narkar da shi, daga nesa ka ga kamar gajimare da tsiraicin mutane, ka matso ka tarar shafe-shafen burushi ne ruwan hoda. A nan zan ja maka kunne. Aikin Fadojutimi ya haura fam miliyan 1 a gwanjo a 2021, na Yukhnovich ya kai miliyan 2.7 a 2022, dukansu ba su daɗe da barin makaranta ba. Wannan farashin ba hukuncin tarihi ba ne, 'yan sari ne ke saye yau su sayar gobe, kuma kasuwar matasan ta yi sanyi bayan nan. Dawowar fenti akwai gwaninta a ciki, akwai kuma lissafin dillali, don zane ya fi gidan kankare sauƙin ratayewa a falo da sauƙin sake sayarwa.

Ita kuwa lambar Turner ta bi wata hanyar daban, har wani lokaci ka rasa ko fasaha ake yi wa hukunci ko aikin gayya. A 2015 ƙungiyar magina ta Assemble ce ta ci, saboda gyaran tsofaffin gidaje tare da mutanen wata unguwa a Liverpool. A 2018 Charlotte Prodger ta ci da majigin da ta ɗauka da wayar iPhone. A 2019 'yan takara huɗun suka roƙi alƙalai a raba musu lambar, aka raba. A 2024 Jasleen Kaur ta Glasgow ta ci da baje kolin da ya haɗa da tsohuwar mota Ford Escort da aka lulluɓe da ƙaton saƙin kwalliyar tebur, tana tuna tasowarta cikin al'ummar Sikh. Wasu ayyukan wannan layi suna da ƙarfi. Wasu kuwa, a ganina, sai ka karanta dogon bayanin da ke manne a bango kafin ka san me kake kallo, kuma aikin da ba ya tsayawa sai da takarda gurgu ne. Banksy, tunda na san za ka tambaya, gwanin barkwancin bango ne kuma gwanin talla. Zanensa da ya yayyage kansa a ɗakin gwanjo a 2018 bayan an saye shi fam miliyan 1 da 'yan kai, an sake sayar da shi fiye da miliyan 18 a 2021. Jikan Saatchi ne a hali, ko da ba zai so a faɗa ba.

In kana cikin masu kauce wa zana mai rai, akwai biyu da za su yi maka amfani. Idris Khan na Birmingham yana ɗora rubutu ko hoto bisa wani sau ɗaruruwa har kalmomi su narke su zama inuwa. Aikinsa na baƙaƙen dunƙulen ƙarfe masu siffar Ka'aba, da aka zane da kalmomin salla, yana cikin baje kolin aikin Hajji da gidan tarihin Birtaniya ya yi a 2012. Rana Begum, wadda aka haifa a Bangladesh a 1977, tana jera sandunan ƙarfe a bango, fuska baƙa ko fara, gefe kuma launi daban-daban, ta yadda in kana tafiya aikin yana sauya kala yana watsa haske a bangon. Ta sha danganta wannan maimaicin da karatun Alƙur'ani na ƙuruciyarta da adon gine-ginen Musulunci.

Saura zargin da ake yi cewa ba su ke yin aikin da hannunsu ba. Ga wasu gaskiya ne. Zanen ɗigo-ɗigon Hirst, da suka haura dubu, mataimaka ne suka fente mafi yawansu, shi ma bai ɓoye ba. Kamar babban tela ne da yaran shago: shi ke yanka, su ke ɗinki, sunansa ke kan riga. Manyan masu zanen Turai na da ma haka suka yi. Shonibare kuwa rashin lafiya ce ta shanye masa ɓarin jiki tun yana ɗan shekara 18, don haka da mataimaka yake aiki, kuma ba wanda zai kalli tebur ɗin nan na marasa kai ya ce tunanin wani ne. Abin tambaya shi ne ko akwai yankan da ya cancanci a ɗinka.

Abu ɗaya da ya raba matasan yau da na 1988 wanda ba a cika faɗa ba shi ne tsadar rayuwa. Su Hirst sun yi karatu ba kuɗin makaranta, ga tsofaffin ɗakunan ajiya a gabashin Landan kusan kyauta. An shigo da kuɗin jami'a a 1998, ya kai fam 9,000 a shekara a 2012, unguwannin Shoreditch da Hoxton da masu zane suka raya kuma haya ta kore su daga ciki. Shi ya sa za ka ga aiki na fitowa daga Glasgow da Belfast da garuruwan bakin teku, ka ga kuma ana haɗa ƙungiya maimakon kowa ya ci gashin kansa. Ita kanta Emin mai gadon, bayan ta yi fama da ciwon daji a 2020, ta koma garinsu Margate ta buɗe ɗakunan aiki da makarantar zane ga matasa, yawancin abin da take yi yanzu kuma fenti ne da burushi. Shonibare ma ya buɗe gidan saukar masu fasaha a Legas da gona a yankin Ijebu, inda ake karɓar masu zane da masu bincike su zauna su yi aiki na ɗan lokaci. In karatunka ya yi nisa, wannan ya fi maka kusa da Landan, sai ka riƙa bibiyar sanarwarsu.